Jarin Waje: Ma'anarsa, Amfaninsa, Haɗarinsa da Matsayinsa a Shari'a

   

Da wuya mako ya wuce ba a ji a rediyo cewa wani shugaba ya tafi ƙasar waje neman masu zuba jari ba, ko kuma an sa hannu a kan yarjejeniya da wani babban kamfani. Ana faɗin kuɗin da za a zuba, kunne ya cika, amma shekaru su shuɗe talaka bai ga canji a cikin tukunyarsa ba. Wannan ya raba mutane gida biyu: masu ganin jarin waje shi ne maganin talauci, da masu ganin mulkin mallaka ne ya sake riga. Wannan rubutu zai bayyana mene ne jarin waje, yadda yake aiki, inda ya yi amfani da inda ya cutar, da abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa da za a auna shi da shi.

Ma'anar jarin waje na kai tsaye

Jarin waje na kai tsaye shi ne mutum ko kamfani na wata ƙasa ya zuba dukiyarsa a cikin wata sana'a a ƙasar da ba tasa ba, da nufin ya daɗe a cikinta kuma ya sami ta cewa a yadda ake tafiyar da ita. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da sauran hukumomin ƙididdiga sun yi masa iyaka: idan baƙo ya mallaki kashi 10 cikin 100 ko fiye na hannun jarin da ke ba da ikon jefa ƙuri'a a kamfani, to jarinsa na kai tsaye ne.

Ya kamata a raba shi da abubuwa uku da ake yawan cakuɗa su da shi. Na farko bashi: mai ba da bashi yana jiran uwar kuɗinsa da kuɗin ruwa, ko aikin ya ci ko ya faɗi, alhali mai jari yana cin riba idan an samu, yana ɗaukar asara idan an yi ta. Na biyu tallafi, wanda kyauta ce, ko da yake sau da yawa tana zuwa da sharuɗɗa. Na uku sayen takardun hannun jari a kasuwa don a sayar idan farashi ya tashi. Irin wannan kuɗi ba ya zama, da ya ji motsi sai ya gudu. Wanda ya gina masana'anta kuwa ba zai iya naɗe ta ya sa a aljihu dare ɗaya ba.

Hanyoyin da yake shigowa

Hanya ta farko ita ce baƙo ya gina sabon abu tun daga tushe, kamar masana'anta ko matatar mai ko mahaƙar ma'adinai. Ta biyu ita ce ya sayi kamfanin da yake nan tun da, kamar yadda aka yi a ƙasashen Afirka da yawa lokacin da aka sayar da kamfanonin gwamnati a shekarun 1990. Ta uku ita ce haɗin gwiwa da gwamnati ko da 'yan kasuwar gida, kowa da kasonsa. Ta huɗu ita ce kamfanin da ya riga ya zauna ya mayar da ribarsa cikin aikin maimakon ya fitar da ita. Hanya ta farko ta fi ƙara wa ƙasa sabon abu. Ta biyu, sau da yawa mai shi ne kawai ya canja, wani lokaci ma har a rage ma'aikata.

Abin da ke jawo baƙo shi ma kala uku ne. Akwai mai neman abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kamar fetur da zinariya da yuraniyom. Akwai mai neman kasuwa, kamar kamfanonin wayar salula da bankuna da masu siminti. Akwai kuma mai neman wurin da zai ƙera kaya da sauƙin kuɗi ya fitar zuwa duniya, kamar masu ɗinkin tufafi da masu haɗa motoci. Sanin wannan rabe-rabe yana da muhimmanci, domin amfanin da ƙasa ke samu ya danganta ƙwarai da irin baƙon da ya sauka.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da ci gaba tana fitar da rahoton zuba jari na duniya kowace shekara tun 1991. A lissafinta, jarin waje na kai tsaye a duniya a 2023 ya kai kimanin dala biliyan 1,300, biliyan ɗin nan da muke cewa miliyar. Abin da ya shigo Afirka baki ɗaya a shekarar kimanin dala biliyan 53 ne, wato wajen kashi 4 cikin 100. Kuma babban kaso na wannan ɗan abin yana tafiya ne ga ƙasashe ƙalilan da kuma aikin haƙar ma'adinai da mai.

Amfanin da ake fata

Amfani na farko shi ne cike giɓin jari. Ƙasar da mutanenta ke cin abin da suka samu a ranar ba ta da ajiyar da za ta gina babban aiki. Haƙa rijiyoyin mai a tsakiyar sahara da shimfiɗa bututu na dubban kilomita aiki ne da ya fi ƙarfin kasafin kuɗin ƙasashenmu.

Na biyu aikin yi da haraji. Na uku kuɗin musaya da ake samu daga fitar da kaya. Na huɗu, wanda ya fi duka daɗewa, shi ne ilimin sana'a da ke zama a hannun 'yan ƙasa bayan baƙo ya tafi.

Misalin wannan na huɗu ya fito fili a Bangaladash. A 1979 kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya ƙulla haɗin gwiwa da wani kamfanin gida mai suna Desh, aka tura ma'aikata 130 zuwa Koriya su koyi ɗinkin tufafi na masana'anta da yadda ake hulɗa da masu saye a waje. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka bar Desh, suka kafa nasu kamfanoni ko suka shugabanci wasu. Daga wannan iri ne sana'ar tufafi ta yaɗu har ta zama fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke sayarwa a waje, tana ciyar da miliyoyin gidaje.

Malesiya ta buɗe yankin masana'antu a Penang a 1972, kamfanoni irin su Intel suka kafa wuraren haɗa kayan lantarki. Amma Malesiya ba ta zauna jiran baƙi kawai ba. Tun 1963 ta kafa asusun ajiyar mahajjata, wanda ya zama Tabung Haji, yana tara kuɗin talakawa yana juya su a hanyar halal. A 1974 ta kafa kamfanin mai na ƙasa, Petronas, wanda daga baya shi kansa ya zama mai zuba jari a wasu ƙasashe. Ƙasar Sin ta buɗe yankin Shenzhen a 1980, kuma shekaru masu yawa ba ta yarda kamfanin mota na waje ya yi aiki a cikinta ba sai da abokin tarayya ɗan ƙasa, baƙon kuma kada kasonsa ya wuce rabi. A Maroko, bayan an buɗe tashar jiragen ruwa ta Tanja a 2007, kamfanin Renault ya buɗe masana'antar motoci a 2012, masu ƙera kayan gyara suka biyo shi, har motoci suka shiga sahun gaba a cikin abin da ƙasar ke fitarwa.

A gida ma muna da misalin da kowa ya taɓa da hannunsa, wato wayar salula. Kamfanin Celtel, wanda Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan ya kafa, ya fara aiki a Nijar a 2001. A 2005 wani kamfanin Kuwait ya saye shi, daga baya sunan ya koma Zain, sannan a 2010 kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi ya zama Airtel. Kafin wannan zamani, ɗan kasuwar Maraɗi sai ya yi tafiya ko ya aika ɗan saƙo kafin ya san farashin wake a wata kasuwa. Dubban matasa kuma sun sami abin yi da sayar da kati da cajin waya da gyaranta. Irin wannan jari ya shiga rayuwar jama'a domin kasuwarsa su ne jama'ar.

Illolin da ake tsoro

Illa ta farko ita ce aikin ya zama tsibiri a cikin ƙasa. Haƙar ma'adinai da mai tana cin kuɗi masu yawa amma tana ɗaukar mutane kaɗan. Injuna daga waje, ƙwararru daga waje, wani lokaci har abincinsu daga waje. Kayan kuma a fitar da shi ɗanye, a sarrafa shi can, ribar sarrafawa ta zauna can.

Ta biyu fitar da riba. Haƙƙin mai jari ne ya ɗauki ribarsa, amma idan ba a mayar da komai cikin ƙasa ba, za a wayi gari abin da ke fita kowace shekara ya fi abin da ke shigowa. Akwai kuma dabarar da wasu kamfanoni ke yi: reshen da ke nan ya sayar wa ɗan uwansa na waje kaya da araha, ko ya sayi hidima daga gare shi da tsada, sai littafin nan ya nuna babu riba, haraji ya faɗi. Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ba da rahoto a 2015 cewa Afirka na asarar fiye da dala biliyan 50 a shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, kuma mafi yawansu ta hannun manyan kamfanonin kasuwanci suke bi.

Ta uku gasar sassauci. Ƙasashe matalauta suna rige-rigen yafe haraji na shekaru don su ja baƙo, har ya zama abin da aka yafe ya fi abin da aka samu. Ta huɗu ɓata muhalli. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan yankin Ogoni a Nijeriya ya nuna yadda malalar mai ta gurɓata ruwan sha da gonaki, ya kuma ce gyaran zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30. Ta biyar danne ƙananan 'yan kasuwar gida waɗanda ba su da ƙarfin gasa. Ta shida cin hanci, domin yarjejeniyar da aka yi a ɗaki a rufe ba a san abin da aka karɓa a ƙarƙashin tebur ba. Ta bakwai taɓa 'yancin ƙasa, idan kamfani ɗaya ya yi girman da gwamnati ba ta iya ce masa a'a.

Darasin yuraniyom a Nijar

An gano yuraniyom a yankin Agadas a 1957, lokacin Faransawa na mulki. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ƙarfen a Arlit a 1971. An kafa Cominak a 1974, mahaƙarsa ta ƙarƙashin ƙasa a Akouta ta fara aiki a 1978. Babban mai kaso a duka biyun ɓangaren Faransa ne, kamfanin da aka sani da Cogema, sannan Areva, sannan Orano tun 2018. A Somaïr, kason Orano ya kai kashi 63.4, na Nijar ta hannun Sopamin kashi 36.6.

Ba za a ce ba a sami komai ba. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da farashi ya hau, kuɗin yuraniyom ya riƙe babban ɓangare na kasafin ƙasa. An gina hanyar Tawa zuwa Arlit, an gina manyan gine-gine a Yamai, an kafa kamfanin gawayi na Sonichar wanda ke ba mahaƙan da garuruwan yankin wuta. Garin Arlit kansa saboda wannan aiki ya tsiro. Amma da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasa ta sami kanta da bashi, ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Ba a ajiye rarar shekarun ƙoshi ba, ba a kuma juya ta ta gina noma da kiwo, waɗanda su ne rayuwar mafi yawan jama'a.

Shekaru da dama ana jayayya a kan farashi da haraji. A watan Mayu na 2014 aka cimma yarjejeniyar cewa kamfanonin za su bi dokar ma'adinai ta 2006, wadda za ta iya ɗaga kuɗin da ake biyan ƙasa daga kashi 5.5 zuwa kashi 12 gwargwadon riba. Babbar mahaƙar Imouraren da aka ba da izininta a 2009 ba ta fara aiki ba, har gwamnati ta janye izinin a watan Yuni na 2024. Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, ta bar miliyoyin tan na tarkacen haƙa da ke buƙatar kulawa ta tsawon lokaci. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa, Orano kuma ta kai ƙara gaban masu sasanci na duniya.

Abin lura shi ne, bayan fiye da shekaru 50 ƙasar tana sayar da abin da ake kunna wutar lantarki da shi a Turai, wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a gida, kuma har zuwa 2023 mafi yawan wutar daga Nijeriya ake sayo ta, kamar yadda kowa ya gani da aka yanke ta a shekarar.

Darasin fetur a Nijar da Cadi

A 2008 Nijar ta ƙulla yarjejeniyar rabon mai da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a kan yankin Agadem. Sharaɗi mai kyau a cikinta shi ne gina matata a cikin ƙasa. An buɗe matatar Soraz a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin na da kashi 60, gwamnati na da kashi 40. Wannan ya sa ƙasar ta fara shan man da ta tace da kanta, iskar gas ta girki kuma ta yaɗu a birane. Daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Seme a Jamhuriyar Benin, mai ɗaukar ganga 90,000 a rana, aka fara lodin jirgi a watan Mayu na 2024. A watan Afrilu na wannan shekarar gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin a matsayin kuɗin gaba, za a biya da man da za a fitar. A nan jari ya haɗu da bashi, kuma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Cadi ta riga mu shiga wannan hanya. A 2003 aka fara tura man Doba ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru, aikin kamfanonin Exxon da Chevron da Petronas, da hannun Bankin Duniya a ciki. An yi doka cewa mafi yawan kuɗin zai tafi ilimi da lafiya da hanyoyi, kashi 10 kuma a ajiye wa 'yan baya. A ƙarshen 2005 gwamnati ta sauya dokar ta soke wannan ajiya, a 2008 Bankin Duniya ya janye. A 2014 ƙasar ta ci bashin fiye da dala biliyan ɗaya daga kamfanin Glencore don ta sayi kason Chevron, za ta biya da mai. Farashi ya faɗi a shekarar, biyan bashin ya riƙa cinye mafi yawan kuɗin man.

A gefe guda akwai Botsuwana. Ta sami 'yanci a 1966 tana cikin matalautan duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Ta shiga tarayya da kamfanin De Beers da kaso kaɗan, a 1975 ta ɗaga kasonta zuwa rabi. Ta zuba kuɗin a makarantu da asibitoci da hanyoyi, ta yi asusun ajiya, kuma duk lokacin sabunta yarjejeniya sai ta ƙara sharaɗi, har a 2013 aka ɗauke cibiyar sayar da lu'ulu'un daga Landan zuwa Gaborone. Kamfanin baƙo ne mai neman riba kamar sauran. Bambancin ya zo ne daga masu zama da shi a teburin ciniki da abin da suka yi da kasonsu. Duk da haka ita ma tana jin jiki idan kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, domin dogaro da kaya ɗaya haɗari ne ko ga mai tsari.

Matsayin Shari'a

Asalin mu'amalar kasuwanci halal ce, da Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija kafin aike, ya ɗauki ɗan jagora wanda ba Musulmi ba a tafiyar hijira, ya kuma bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Baƙon ɗan kasuwa da ya shigo da aminci, jininsa da dukiyarsa haramun ne a taɓa su.

Ta fuskar tsari, jarin kai tsaye ya fi bashi kusa da abin da fiƙihu ya sani a babin ƙiradi da tarayya, inda ake raba riba bisa kaso sananne kuma mai dukiya yake ɗaukar asara. A kula, kalmar riba a Hausa tana nufin abin da aka samu a ciniki, wanda halal ne. Wadda Alƙur'ani ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara ita ce ƙarin da ake ɗora wa bashi, wato kuɗin ruwa. Idan yarjejeniyar jari ta ƙunshi bashi mai ruwa, wannan ɓangaren yana ɗaukar hukuncinsa. Haka kuma jarin da aikinsa giya ne ko caca, yawan ma'aikatan da zai ɗauka ba ya halatta shi.

Akwai abubuwa huɗu daga zamanin farko da suka dace da wannan babi.

Na ɗaya, Khaibar. A shekara ta 7 bayan hijira Manzon Allah ya bar gonakin dabino a hannun Yahudawan garin, domin sun fi sanin aikin, a kan rabin abin da aka girbe. Kason sananne ne. An kuma yi sharaɗin cewa Musulmi na da ikon kawo ƙarshen yarjejeniyar, kuma Sayyidina Umar ya yi hakan a zamaninsa. Sannan akwai mai sa ido: ana aika Abdullahi ɗan Rawaha ya kiyasta amfanin gona. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an tara masa kayan ado don ya sassauta kiyasi, ya ƙi karɓa, kuma ƙin nasa bai sa ya zalunce su ba.

Na biyu, gishirin Ma'arib. Abyad ɗan Hammal ya roƙi a yanka masa wurin gishiri a Yaman, aka ba shi. Da aka bayyana wa Manzon Allah cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe. A mazhabar Malikiyya, ra'ayin da ya shahara shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, yana sarrafa su don maslahar al'umma. Ma'ana shugaba wakili ne a kansu. Yana iya ba da izinin haƙa na wani lokaci a kan amfanin da ya bayyana, amma ba dukiyarsa ba ce da zai kyautar.

Na uku, harajin fatake. Sayyidina Umar yana karɓar ushuri daga fataken waje, amma ya rage zuwa rabi a kan alkama da man zaitun da Nabaɗawa ke kawowa, don kayan su yawaita a Madina. Wannan hujja ce cewa sassauta haraji don jawo baƙo ya halatta, matuƙar an san amfanin da ake nema da shi kuma jama'a ce za ta ci.

Na huɗu, ƙasar Iraƙi. Da aka ci ta, Sayyidina Umar ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa, saboda haƙƙin waɗanda za su zo daga baya. Fetur da yuraniyom suna ƙarewa. Al'ummar da ta cinye kuɗinsu duka a zamaninta ta ci rabon jikokinta. Shawarar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta ajiye rarar shekaru bakwai na ƙoshi, ita ce asalin abin da ake kira asusun 'yan baya a yau.

Shari'a kuma ta ɗora wa mai masauki nasa nauyi. Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika alkawari, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan rubuta mu'amala da kafa shaidu take. Idan yarjejeniya ta ƙunshi zalunci, a nemi gyaranta ta hanyar da ta dace, a biya abin da ya wajaba a biya. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa taɓa dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba yana kashe musu ƙwazon nema, daga nan kasuwa ta mutu, taskar hukuma ma ta bushe. Wannan ya shafi baƙo, ya kuma fi shafar ɗan kasuwar gida. Ƙasar da 'ya'yanta ke kai kuɗinsu Dubai saboda tsoron rashin adalci a kotu da yawan shingayen hanya, da wuya ta ja baƙon kirki.

Ma'aunin da za a auna kowace yarjejeniya

Daga abin da ya gabata, akwai tambayoyin da ya kamata malamai da 'yan jarida da wakilan jama'a su riƙa yi duk lokacin da aka sanar da sabon jari:

1. An bayyana yarjejeniyar ga jama'a? Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010 ya tanadi cewa albarkatun ƙarƙashin ƙasa mallakar al'umma ne, kuma a buga yarjejeniyoyinsu a jaridar gwamnati. Wannan ƙa'ida ce da ta cancanci a riƙe ta a kowane zamani.

2. Nawa ne kason ƙasa, shekara nawa aka yafe haraji, kuma wa ke auna abin da ake fitarwa?

3. 'Yan ƙasa nawa za a ɗauka, a wane matsayi, da wane albashi, kuma yaushe za su karɓi aikin ƙwararrun baƙi?

4. Me za a saya a hannun 'yan kasuwa da manoman gida, kuma wane ɓangare na kayan za a sarrafa a cikin ƙasa?

5. Me aka tanadar wa mutanen da aka karɓi gonakinsu da makiyayarsu da rijiyoyinsu? Dokar Nijar ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 na kuɗin da ake samu. Yana isa gare su?

6. Wa zai gyara wurin bayan an gama, kuma an ajiye kuɗin gyaran tun yanzu?

7. Ina kuɗin da ƙasa ta samu ke tafiya?

Kammalawa

Ƙasashen da suka ci moriyar jarin waje sun haɗu a kan abubuwa kaɗan: sun ilmantar da 'ya'yansu kafin baƙo ya zo, sun tara ajiyar gida, sun tura masu sani da amana teburin ciniki, sun cika alkawarin da suka ɗauka, sun kuma juya kuɗin zuwa sana'o'in da za su tsaya da ƙafarsu. Waɗanda suka rasa waɗannan, kuɗi sun shigo sun fita, aka bar su da ramuka da bashi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, sun kuma ce kayan aro ba ya rufe katara. Baƙo zai tafi ranar da ma'adinin ya ƙare ko kasuwa ta juya, kuma abin da za a ƙirga a ranar shi ne injiniyoyi nawa, masana'antu nawa da gonakin rani nawa suka rage a hannun 'yan ƙasa.

Saboda haka nauyi yana kan kowa: shugaba ya ji tsoron Allah a kan amanar da ya sa wa hannu, ma'aikacin kwastan da na haraji su yi koyi da Abdullahi ɗan Rawaha, mawadata su haɗa jari su shiga tarayya maimakon tara filaye, iyaye su tura yara karatun sana'a da kimiyya tare da karatun addini, malamai kuma su koyi waɗannan mas'aloli don su yi fatawa a kan sani.

Allah ya albarkaci ƙasashenmu da abin da ya ajiye a cikinsu, ya ba mu shugabanni masu amana, ya wadatar da mu da halal ɗinsa. Allah ne mafi sani.